Ɗamarar da Yaya Ilu Ya Binne a Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba, ga shi har shekaru sun ja. Duk wanda ya kawo rediyonsa gyara, kafin ya faɗi abin da ya lalace sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Audu, wai da gaske ne ka je har ƙasa mai tsarki ka ɓige da tonon kwabbai?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji, in ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Kwanan baya na ji wani yana rantsuwa wai tukunyar zinariya muka tono. Ina ma! To bari in zauna in faɗe shi yadda ya faru, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni ban tashi na san yayana ba. Ina goye mahaifinmu ya ɗauki Yaya Ilu, lokacin yana saurayi, suka bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa. Baba ya rasu a hanya. Yaya ya isa, ya sauke farali, ya zauna a Jidda. Ba ɓata ya yi ba. Kusan duk shekara in alhazan Haɗeja sun dawo sai a kawo wa Inna dabino da zamzam da darduma, a ce in ji Ilu, yana gaisuwa, yana nan tafe baɗi. Dardumomin ɗakin Inna sai da suka isa shimfiɗe masallacin unguwarmu, baɗin nan dai ba ta zo ba.

A shekarar da aka canza kuɗi, aka bar fam da sule aka koma naira, idon Inna ya gama rufewa. Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Audu, na gaji da dabino. Je ka zo mini da ɗan'uwanka tun kunnena yana ji." Ban yi musu ba. Jirgin sama ya fi ƙarfina, saboda haka na rufe shago na bi ƙasa, da jakata da wani ƙulli da Inna ta sa aka haɗa wa Yaya: daddawa da kuka da yaji.

Daga Maiduguri a saman buhunan albasa na zauna, a wata tsohuwar roka da ba ta tashi sai an tura. Muka haye kogi zuwa Fallomi ta ƙasar Cadi, daga nan kuma sai rairayi. In mota ta kafe, fasinja su ne injin. Akwai wani Babarbare da muka zauna kusa, mai fataucin fata, wanda duk turin da za a yi shi ne mai ba da umarni, amma ban taɓa ganin hannunsa a jikin motar ba. Duk da haka na ji daɗinsa, don da ba don shayinsa da surutunsa ba da hanyar nan ta haukata ni.

A iyakar Sudan daddawar Inna ta so ta ja mini. Wani ma'aikaci ya kwance ƙullin, ya kai hanci, sai ya yi baya yana tari, ya kira 'yan'uwansa. Na ce abinci ne. Suka dubi juna. Babarbaren nan, Allah ya saka masa, ya ce da ni, "Ci su gani, in ba haka ba a nan za mu kwana." Haka na gutsuri ɗanyar daddawa na tauna a gaban hukuma, ina murmushi kamar alewa nake sha. Mutumin ya buga mini hatimi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana toshe da hancinsa.

Daga Niyala muka shiga jirgin ƙasa, na sama sun fi na ciki yawa. Abin da ya fi taɓa ni a Sudan shi ne Hausawan da na riƙa gamuwa da su, da farin rawani da jallabiya, sai sun buɗe baki ka ji Hausar kakanni. A Bor Sudan wani dattijo, Malam Haruna, ya saukar da ni a gidansa don kawai ya ji na yi tsaki irin na gida a tasha. Ya ce kakansa daga Sakkwato ya taso za shi Makka, guzuri ya ƙare a nan, ga su har yau. Matarsa ta kawo mini kisra, wani abu fale-fale mai tsami, kamar an yi wa tuwo guga. Na ci don kunya, a kwana na biyu kuma na ci don daɗi.

Jirgin ruwa kam kada ku tambaye ni. Ni ɗan bakin kogi ne, na ɗauka na san ruwa, ashe ban san komai ba. Abin da na ci tun daga Niyala sai da na mayar wa Bahar Maliya. Amfanin da na samu ɗaya ne: saboda ƙullin Inna ba wanda ya matse ni, ni kaɗai na miƙe ƙafa a jirgin nan.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne, kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Na fito daga tashar jiragen ruwa ina ta raba ido, dogayen gidaje masu tagogin katako, motoci sai ƙaho, ba wanda na sani. Ƙamshi ne ya cece ni. Na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli da nama a wuta, na bi shi har na tarar da mai tsire, baƙi kamar ni, yana ciniki da Larabci. Na yi sallama na ce ina neman Ilu Bahaɗeje a unguwar Nuzla. Ya yi dariya ya ce, "Abu Makina? Wa bai san shi ba?" Ya bar wa maƙwabcinsa tukubar, ya raka ni har ƙofar gida.

Da Yaya ya fito, sai na ga fuskar Inna da furfurar gemu. Na durƙusa zan gaishe shi yadda aka koya mana. Ya fizgo ni sama ya ce, "La, la, ya akhi, a nan ba a durƙusa wa mutum." Ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu, dama da hagu. Ni da ko matata ba ta taɓa yi mini haka a gaban jama'a ba, sai na sandare kamar turmi. Matarsa Hajiya Maryam, haifaffiyar Jidda ce amma iyayenta Katsinawa, tana daga bayan ƙofa tana cewa, "Ahlan, ahlan, tafaddal, shigo Audu, gidanku ne." 'Ya'yansu manya suna kirana Ammi, wato baffa. Duk abin da na faɗa suna ji, amma in za su amsa sai Hausar ta maƙale, su ƙarasa da Larabci suna dariya.

Na ga abubuwa a garin nan. In an kira salla mai kanti sai ya yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi masallaci, ba kulle ba mai gadi. Da safe wake ake ci, dafaffe lugub da mai, a dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Na ce wa Hajiya a gida wake da safe ai sai ƙosai, ta ce, "Ku kun wahalar da kanku, ku jiƙa, ku surfa, ku niƙa, ku soya, alhali waken dai shi ne." Ranar da ta kaɗa miyar kuka da daddawar Inna, Yaya ya kai loma ɗaya ya tsaya. Hawaye yana bin gemunsa yana ci, har ya sauke kwanon.

A nan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce Inna ba ta gani, ƙarfinta ya ƙare, kuma ta ce ba dabino take so ba. Ya ce, "Insha Allah. Bari Juma'a ta zo." Da ya fita Hajiya ta rage murya ta ce mini, "Iƙamarsa, takardar zaman nan, lafiya lau, kafilinsa da ya tsaya masa ya ce ya tafi duk ran da ya so, kuɗin jirgi ma akwai. Wallahi ba abin da ya riƙe shi sai makinar nan."

Ranar Juma'a da sassafe na ga makinar. Sanda ce ta ƙarfe mai faifai a ƙasa, da ɗan akwati a wuya, da abin sawa a kunne. A ma'ajiyar bututu da yake aiki a unguwar masana'antu ta Jidda da ita ake neman bututun da aka binne aka manta inda yake. Da wani Bature injiniya zai koma ƙasarsu sai Yaya ya saye ta a hannunsa. Ya saɓa ta a kafaɗa kamar mai zuwa gona, ya ce, "Yalla." Muka nufi wani lambun shan iska da ke kusa da unguwar, hadiƙa suke ce masa, mai ciyawa shar da bencuna da 'yan itatuwa. Mai ban ruwan wajen, wani tsohon Bayamane, ya ɗaga masa hannu ya ce a dai mayar masa da ciyawarsa yadda aka same ta.

Yaya ya sa mini abin kunnen ya ce in gwada. Ina kaɗa faifan a kan ciyawa sai na ji "ƙiii". Na ce a raina shi ke nan, Audu ya yi arziki. Yaya ya yanka ciyawar da wuƙa a hankali kamar mai fiɗa, ya tona, ya miƙo mini murfin kwalbar lemo. Na biyu ƙusa ce. Na uku kuwa, da ya goge shi da yawu, sai ga anini, mai huda a tsakiya, irin wanda Inna take ba ni in sayo gyaɗa ina ɗan yaro. Anini fa, a Jidda! Na riƙe shi a tafin hannu ina jin ƙamshin gyaɗar Iya Tabawa ta ƙofar gidanmu, matar da ta rasu tun ban yi kaciya ba.

Muka zauna a benci ya ba ni labari. Ya ce duk filin nan da bukkoki ne, na buhu da gwangwani da kara, nan Takari, wato mutanen ƙasashenmu, masu zuwa a ƙasa suke sauka. Bukka ba ƙofa balle makulli, saboda haka kowa ya iso sai ya ɗaga duwatsun murhunsa, ya haƙa rami, ya binne abin da ya keɓe don komawa gida, ya mayar da duwatsu ya hura wuta a kai. Ɓarawo ba ya tona inda wuta take, mai abin ma sai ya yi tunani kafin ya kashe girkinsa ya taɓa. Ya ce ranar da za su bar Haɗeja Inna ta ɗinke dalolin azurfarta, gadon uwarta, masu hoton wata mata mai ƙiba, a cikin ɗamarar fata. Ta ɗaura masa da hannunta ta ce, "Ilu, ka dawo mini da ita a ƙugunka." Yunwa ta ci shi a hanya, ya binne Baba, ya yi dako, ya yi noman ƙodago, bai farke ɗinkin nan ba. Ya iso da ita ya binne a ƙarƙashin murhu. Sai ya sami aikin gini a Madina na ɗan lokaci. Kafin ya dawo gobara ta cinye bukkokin, an baje wurin, ko alamar lungu babu.

Na ce, "Yaya, don wannan ne?"

Ya ce, "Na bar mata miji a rairayi, in kuma je mata da ƙugu wayam? Da wane ido?"

A gida ya nuna mini abin da ya tara. Gwangwanayen madara cike: kuɗin Turkawa, rufiya ta Indiya, sulalla masu hoton giginya, kwabbai da aninai kuwa ba a magana. Duk wanda ka ɗauka guzurin komawar wani ne da bai koma ba. Tsofaffin Nuzla sukan zo su ce a juye musu su gani. Na ga wata tsohuwa Badamagara ta ɗauki kwabo ta shinshina, ta ce, "Ɗan nan, ba ni wannan in sa a ƙarƙashin matashi." Yaya ba ya hana kowa, kuma ba ya sayarwa.

Haka muka riƙa yi, Juma'a bayan Juma'a. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga raina. Iskar bahar da safe, kurciyoyi a kan ciyawa, Bayamanen nan ya kawo mana shayi mai na'ana'a, Yaya yana nuna mini da sanda, nan mai waina take, nan makarantar allo, nan aka yi bikin wane. Ni da na tashi ba uba ba wa, sai ga ni ina bin bayan yayana ina riƙe masa wuƙa. Har yau in na ji ƙarar rediyo tana neman tasha, safiyoyin nan nake tunawa, kuma ina kewarsu. Amma kwanakin da aka ba ni a fasfo suna ƙarewa, kuma kullum na kwanta sai in tuna Inna tana zaune tana kasa kunne ga ƙofa.

Juma'ar ƙarshe makinar ta yi kuka a can gefen lambun, dab da inda ciyawa ta ƙare. Yaya ya tona, wuƙa ta daki dutse. Baƙi ne, mai tabon wuta. Ya tona gefe, ga na biyu, ga na uku. Na karɓi wuƙar na ci gaba da tonon. A ƙarƙashinsu muka tarar da ruɓaɓɓen gwangwani, ciki da aninai da suka manne da juna da munduwar tagulla guda. Ya juya munduwar ya ce, "Ta Ladi mai koko ce. Kullum tana hannunta, in tana dama koko tana ƙara." Fuskarsa ta washe, ya miƙe da sauri. "Bukkarmu tana gabas da tata, in na miƙa hannu ta katanga nake karɓar koko." Ya juya gabas ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Ƙafarsa tana kan kwalta. Babban titi ne, motoci suna wucewa a guje, wani direba har ya danna masa ƙaho.

Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji. Na ce, "To Yaya, halas, kamar yadda kuke cewa. Ka nemo, ka gano inda take, ba mai tona titi. Tashi mu tafi gida."

Ya ce, "Suna fasa titi in za su sa bututu. Wata rana za su fasa nan."

Nan fa raina ya ɓaci. Na manta da girma, na ce, "Wata rana? Tsohuwar nan ce za ta jira bututu? Na ci ɗanyar daddawa a gaban hukuma, na amayar da hanjina a ruwa, don in zo in ji zancen bututu?" Ya durƙusa ya mayar da duwatsun Ladi da munduwarta, ya jera ciyawar ya danna da tafin hannu. Da zai raka ni tashar jirgi ya kawo darduma ya ce in kai wa Inna. Na ce ya riƙe abarsa. Na karɓa dai daga baya, don Hajiya ta yi kuka.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗi a kanta, ba na ko son magana da kowa. Na iso Haɗeja da hantsi. Ina sallama Inna ta ɗaga kai, na ga tana sauraron ko akwai wani takun bayan nawa. Ta ce, "Kai kaɗai?" Na zauna na kwashe labari na faɗa mata, tun daga murhu har kwalta.

Ta ce, "Wace ɗamara?"

Na ce ta dalolin azurfa, gadon kakarmu, wadda kika ce ya dawo da ita a ƙugunsa. Ta murza goshi, can ta ce, "Au! Ashe bai kashe su ba? La ilaha illallahu. Shi da ubansa suna yunwa a hanya yana ɗaure da azurfa?" Sai ta fashe da kuka. "Ni me zan yi da dala, in dafa? Na faɗa ne don ƙugun ya dawo. Wannan yaro tun yana ƙarami haka yake, in ka aike shi gishiri ya zubar, sai ya wuni a bayan gida."

Ta ce in kawo abin nan nawa mai ɗaukar magana. Na sa kaset na danna, ta matso da bakinta har yana taɓa ƙarfen, ta ɗaga murya kamar Jidda tana bayan katanga: "Ilu! Ni ce. Na yafe dala, na yafe fata, na yafe zaren ɗinkin. Ka bar tonon ƙasar mutane ka zo." Na ba wani maƙwabcinmu da za shi aikin hajji ya kai.

Da alhazai suka fara dawowa, wata la'asar ina shago aka zo aka ce in je gida, ga wani Balarabe a zaure ya ƙi shiga ya ƙi tafiya. Na je, ashe Yaya ne, yana tsugune da 'yar jakarsa, ya rame. Na kama hannunsa na ja shi har ƙofar ɗakin Inna. Mutumin da ya hana ni durƙusa masa, sai ga shi yana rarrafe a kan tabarma.

Inna ta miƙa hannu biyu ta same shi. Ta shafa kansa, ta shafa gemun, ta bi kafaɗunsa, ta gangaro har hannunta ya kai ƙugu. Na ga Yaya ya ƙame, ya fara cewa, "Inna, ɗamarar nan..."

Ta ce, "Rufe mini baki. Ji ƙugu duk ƙashi. Matar nan taka ba ta ba ka abinci ne? Audu, ce musu su ɗora tukunya."